Romon Ƙashin da Inna Ba Ta Sha Ba

Bazara ce, a shekarar da rijiyar ƙauyenmu na ƙasar Baure ta koma laka, shanu suka rame har kana ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Ban wuce shekara tara ba a lokacin. Inna ta haifi ƙanena Sani, aka yi suna aka watse, amma ita ba ta tashi ba. In ta dafa bango za ta miƙe sai gwiwoyinta su ƙi, ga nono babu. A al'ada miji ke sayo wa mai jego ƙafafun saniya, to a shekarar Baba ko hatsin da za mu kai damina ba shi da shi.

Kakata, wadda muke kira Iya, ita ta miƙo mini ƙwarya ta ce in je wurin mahauta in karɓo ƙasusuwan da aka gama yanke namansu. Ta farfasa su da gatari don ɓargon ya fito, ta zuba a tukunyar ƙasa da daddawa da citta da masoro da 'yar tsamiya, ta ɗora ni a bakin murhu. Wutar kara kaɗan-kaɗan, tun hantsi har la'asar, ƙawayena na carafke a ƙofar gida ni kuwa ina kwashe kumfa da ludayi. Ƙasusuwan na bugun cikin tukunya, ƙwas, ƙwas, kamar wani na ƙwanƙwasa ƙyaure. Iya takan ɗanɗana ta ce, “Da saura, 'yar nan. Sai kin ji leɓɓanki na mannewa.”

Inna ta yi ta sha, nono ya zo, Sani ya daina kukan nan mai kama da na mage. Har ta fara takowa bakin ƙofa tana yi mini dariya, wai na zama uwar gida. Ran nan na kai mata kwanon, ta dube ni ta ce, “Ajiye nan ya huce, Binta, je ki yi wasanki.” Na tafi da gudu, don na daɗe ban yi ba. Da na dawo na tarar da tsakar gida cike da mata, Allah ya yi wa Inna rasuwa. Kwanon na nan inda na ajiye shi. Romon ya daskare, cokalin a tsaye a tsakiyarsa, in an taɓa sai ya yi rawa.

Sani ya rayu, yanzu yana kasuwancin dabbobi a Mai'adua. Ni kuwa tun ranar ban sake dafa romon ƙashi ba. Ko a gidan suna na ji wannan bugun cikin tukunya, sai in nemi hanyar fita.

Bana 'yata Hadiza ta haihu a nan Daura, gwiwa ta dame ta. Mijinta ya kawo wani gari a gwangwani mai tsada, wai kolajin. Na haɗa baƙaƙen da ke jikin gwangwanin a hankali kamar yadda aka koya mana a yaƙi da jahilci, sai ya ce ai daga ƙashin saniya ake yin sa. Na dubi Hadiza tana dafa bango za ta miƙe. Ashe Iya ta sani.

Washegari da safe na yafa mayafi na tafi mahauta da kaina. Da romon ya nuna na kai wa Hadiza, ta ce, “Mama, ajiye ya huce.” Ban ajiye ba. Na zauna a bakin gadon ina fifita mata, har ta shanye.