Ganyen da Na Ɗauke a Mararraba

Ku tsaya, samari, ku tsaya, ban ma zo wurin da ya fi ci mini rai ba! Bulala na sha ta, ta warke. Mari, ƙarfen da ake ɗaure ƙafa da shi, ya ci mini idon sawu, ga tabon nan, shi ma na saba da shi. Abin da har yau ya fi damuna shi ne, mutumin da na yi ta kwaikwayo har na kai kaina gidan yari, wani ne ya zauna ya ƙera mini shi da bakinsa. To amma na yi sauri. Bari in koma farko.

Ni ɗan manomi ne. Daga wajen Kuyello ubana ya taso da mu muka zauna a Birnin Gwari. Da damina ina gona, da rani ina daji wajen amya, ina ɗebo zuma in kai kasuwa. Babu hanyar da ban sani ba a dajin nan, har wadda sai gada ke bi. Ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Aibina ɗaya, son labari. In ana ba da labarin mazan jiya, ko tuwo aka ajiye mini sai ya huce.

Ranar kasuwa, bayan azahar, akwai wani dattijo da ke zama gindin durumi da komonsa, irin wanda ake kaɗa wa maharba. Audu sunansa, kowa na ce masa Kawu, ko da yake ba dangin kowa ba ne. Labarinsa kullum na mutum ɗaya ne, Tanimu Mai Baƙin Kwari, wanda ya yi zamani tun kafin a haife mu. Ya ce Tanimu shi kaɗai yake tare ayarin fatake a daji, ya karɓe kayan masu ƙiba ya raba wa ƙauyuka. Ba ya taɓa mace, ba ya taɓa tsoho, ba ya gudu ya bar yaransa. Wallahi in Kawu ya kai inda Tanimu ya ɗora hannu kan kwarinsa, sai in ji tsigar jikina ta tashi. Har tafiya na sake. Na samu kwari na shafe shi da gawayi ina rataye da shi, mahaifiyata tana cewa, "Kai kuma wannan wane irin shirme ne? Za ka ɓata mini zane."

Wata rana taro ya watse, Kawu ya kira ni.

"Mai zuma, zo nan. Ka san duk yaran nan, kai kaɗai nake gani da idon Tanimu?"

Na ce, "Kai, Kawu, ni?"

"Kai fa. Na yi masa hidima, na san idonsa. Sauran duk 'yan cin gyaɗa ne."

Ranar ban san yadda na isa gida ba.

Da ƙanana ya fara. Ya ce in na wuce zango, inda fatake ke sauka, in duba masa jakuna nawa suka iso. Na duba, na faɗa. Sannan ya ce in ji wace rana za su tashi, kuma ta wace hanya. Na kai wa matan zango zuma, na ji, na faɗa. Kowane karo sai ya dafa kaina ya ce haka Tanimu ya fara. Ban taɓa tambayarsa abin da mai kiɗa zai yi da lissafin jakuna ba.

To ga yadda fatake ke bin dajinmu, don wanda bai sani ba. Ayari dogo ne, na gaba ba ya ganin na baya. Jagaba, wato mai nuna hanya, shi ke wucewa gaba. Duk inda hanya ta rabu biyu, sai ya karyo ɗanyen ganye ya gicciya a bakin wadda ba za a bi ba. Na baya in ya iso, ya ga ganye, ya san wannan a rufe take, sai ya bi ɗayar. Ko yaron goye a ƙasar nan ya san ba a taɓa ganyen jagaba. Makiyayi ma yakan kauce da shanunsa don kada su tattake shi.

Shi Kawu ya ce in ɗauke.

Na ce, "Kawu, ganyen jagaba fa?"

Ya yi dariya. "Tsoro kake ji? Ai da wannan dabarar Tanimu ya ciyar da ƙauye bakwai shekarar yunwa. Kai naka ganye ne kurum. Akwai mutanena a bakin rafi, ba za a ko zungure kowa ba. Amma in ba za ka iya ba, koma ga ƙudan zumanka."

Da hantsi na laɓe a wata mararraba cikin itatuwan doka. Jagaba ya wuce, ya sa ganyensa. Madugu ya wuce a kan doki, manyan attajirai suka wuce da bayinsu da masu baka. Da hanya ta yi shiru na fito, na ɗauke ganyen daga hannun hagu na mayar da shi hannun dama. Ji nake ni ne Tanimu.

Abin da ban yi tunani ba, samari, shi ne wa ke zuwa a ƙarshen ayari. Mai ƙarfi da mai dukiya suna gaba, ba su bukatar ganye. Ganye don gajiyayyu ake sa shi. Waɗanda suka biyo baya, wani tsoho ne mai jar dara yana kora jaki guda mai ɗingishi, da mata biyu ɗauke da kanwa a ka. Tsohon ya tsaya, ya dubi ganyen, ya ce, "Alhamdu lillahi, Allah ya yi wa jagaban nan albarka." Suka bi hanyar rafi.

Na bi su ta cikin ciyawa. Mutum huɗu suka fito musu da kulake. Tsohon ya riƙe igiyar jakinsa ya ƙi saki, suka karya masa hannu. Matan aka ƙwace musu har zannuwan da suka yi gammo da su. Ni ina tsugune bayan gungume. Ban fito ba.

Da na je wa Kawu da kuka, sai ya ce kuskure ne, zai hore su. Ya zaro jar darar tsohon daga cikin burgamensa, wato jakarsa ta fata, ya ɗora mini a kai. Ya ce, "Tanimu ba ya ɓoye ganimarsa kamar ɓera. Ranar kasuwa yake sa ta, kowa ya gani. Ga rabonka." Ku ji wauta. Na sa ta, na shiga kasuwa ina taƙama. Ban kai rumfar mahauta ba dogarai suka damƙe ni, don an riga an kawo tsohon gari, kowa ya ji labarin hularsa.

A gaban alƙali na faɗi komai. Hannuna ake magana a kai, a sare ko a bari. Aka kirawo Kawu. Ya shigo da komonsa a kafaɗa, ya durƙusa.

"Allah gafarta malam, ni makaɗi ne. Labari nake bayarwa a bainar jama'a, kowa na ji. Yaron nan nakan gan shi cikin taro, amma ko sunansa ban sani ba. In labari ya haukata shi, laifina ne?"

Na ce, "Kawu! Ni ne fa mai idon Tanimu!"

Bai ko waiwayo ba. Ba ni da shaida ko ɗaya, aka sallame shi. Wanda ya ceci hannuna shi ne tsohon da na ɓatar. Ya ce shi bai ga yaron nan cikin masu kulake ba, kuma ba zai yi rantsuwa kan abin da bai gani ba. Aka yi mini bulala, aka kai ni gidan yari, aka sa mini mari.

Can ciki na tsani Kawu, amma Tanimu na riƙe shi gam. Ina ta ba 'yan ɗaure labarinsa, ina cewa shi da ba zai bar ni ba. Akwai wata tsohuwa, Iya Hajo, da ke kawo mana sadakar fura kowace Juma'a. Wata Juma'a ta same ni na kai inda Tanimu ke tare ayari. Ta ajiye ƙwaryar a hankali.

"Ɗan nan, wane Tanimu?"

"Mai Baƙin Kwari mana, Iya."

"Wa ya faɗa maka ɗan fashi ne?"

Na faɗa mata. Sannan ta ce, "Ubana ne. Jagaba ne, shekara da shekaru yana ratsa dajin nan da ayari, bai taɓa ɓatar da ko ɗan akuya ba. In ya kai zango yakan komo da baya ya duba ko gajiyayyu sun ga ganyensa. Audun da kake faɗa, ɗan ɗaukar kayansa ne. Ya kama shi yana kwance wa wata mata ƙulli, ya kore shi."

Na ce, "To, Iya, baƙin kwarin fa?"

Sai ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Hayaƙi ne. A madafa yake rataye shi, don bai iya harbi ba. Kullum uwata na yi masa tsiya a kai."

Samari, ranar ce aka ɗaure ni da gaske. Ganyen da na ɗauke, aikin mutumin da nake ƙauna ne na rushe, da sunansa a bakina. Kawu bai cuce ni ni kaɗai ba, har mamaci ya yi wa sata.

Damina biyu na yi a ɗaure. A nan na koya wa kaina ajami, da gawayi a jikin bango, ina tambayar duk wanda ya san baƙi. Da aka sake ni, gidan Iya Hajo na fara zuwa kafin namu. Ta sauko da kwarin daga madafa. Babu kibiya ko ɗaya a ciki, sai wata 'yar wuƙa da ta sha wasa har ta siranta, ta yankan ganye. Ta ce, "Ba kyauta na ba ka ba. Ka je ka mayar da abin da ka ɗauke." Na nemi tsohon mai jar dara in roƙe shi gafara, aka ce ya koma ƙasarsu, hannun bai miƙe ba. Na tuba ga Allah, amma wannan har yanzu yana wuyana. Yanzu ina bin wani jagaba, ni ne mai komawa baya in duba gajiyayyu.

Don haka ku ji ni. Ban ce ku daina son labarin mazan jiya ba, ni ma ban daina ba. Amma duk wanda ya zuba muku halin wani gwarzo, ku dubi abin da yake so ku yi bayan labarin ya ƙare. Ku nemi tsofaffin da suka ci tuwo da mutumin, ku tambaye su. Wanda ya ce ku kaɗai ne masu idon wane, ku tashi daga wurinsa.

Kawu Audu yana nan da ransa. Watan jiya na hango shi a kasuwar Gayam, gindin wata bishiya, samari sun kewaye shi, ya dafa kan ɗaya daga cikinsu. Saboda wannan ɗayan na zauna na rubuta duk wannan, nake kuma faɗa muku shi da bakina.

Yanzu ku faɗa mini naku. Labarin wa kuke kwaikwayo, kuma daga bakin wa kuka ji shi?