Littafin da Babu a Kwalin Gwaggo

A shekarun da wayar hannu ta fara shigowa garuruwanmu na faɗi da babur a bakin kanal ɗin ruwan noman rani, na karya ƙafar hagu. Malamin gona nake a lokacin, ban yi aure ba, ina zaune a ɗakin haya a Kura. Da mai ɗori ya gama aikinsa, Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta aiko da mota aka kai ni gidanta a wani ƙauye ta wajen Bunkure. Ta ce ba a jinyar karaya a ɗakin tuzuru.

Gwaggo ta daɗe tana koyarwa a firamare kafin ta ajiye alli. Bayan rasuwar mijinta ta kama turara shinkafa kamar sauran matan ƙauyen: ta jiƙa shanshera, ta turara, ta shanya a tsakar gida, a kai inji. Ni kuwa aka shimfiɗa mini tabarma a gindin darbejiya, ƙafa a miƙe. Kwana huɗu na yi rediyo ta gundure ni. Da ta ga na fara faɗa da kaji, sai ta shiga ɗaki ta jawo wani kwali ta dire a gabana.

Littattafan Turanci ne guda goma sha uku, ƙanana masu kauri, wasu ba bango, ɗaya gara ta ci gefensa. Duka labarin kumbo ɗaya ne da mutanen cikinsa, suna yawo tsakanin taurari. Ta ce asalinsa wasan talabijin ne, ta ga kaɗan daga ciki lokacin tana kwalejin horon malamai. Daga baya ta gano marubuta daban-daban sun ɗauki mutanen wasan sun ci gaba da ba da labarinsu. Ɗaya bayan ɗaya ta tsinto su a wurin masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa, duk sanda biki ko dubiya ta kai ta Kano.

Na fara duba shekarar da aka buga kowanne ina jerawa.

"Me kake yi haka?" in ji ta.

"Gwaggo, ai wanda aka fara bugawa shi ne na farko."

"Wa ya gaya maka? Wannan da ka ɗora a sama, mai shi ya ɗauka ka kalli wasan, ba zai tsaya gaya maka wane ne wane ba. Shafi ashirin za ka yi ka wurgar."

Na ɗauko wanda ke ba da labarin ƙuruciyar kyaftin ɗin kumbon, na ce to a bi yadda abin ya faru, daga tushe.

"Shi ma a'a. Wanda ya rubuta shi ya riga ya san ƙarshe, bakinsa ba ya riƙe magana." Ta laluba ta miƙo mini wani marar bango. "Fara da wannan. A nan wata injiniya ta shigo kumbon sabuwa, ba ta san kowa ba, ana ta yi mata bayani. Kai ma baƙo ne, ka bi ta a baya."

Sai a lokacin na lura da lambobin da ta rubuta da fensir a shafin farko na kowanne, da 'yan bayanai a ƙarƙashi. Babu wanda ya ba ta wannan jeri, ita ta fitar da shi. Ta duba a wane littafi likitan kumbon ke da tabo a hannu, a wanne ne babu. Ta duba muƙamin kyaftin, da lokacin da injin kumbon ɗaya ya mutu suka koma tafiya da biyu. Inda marubuta biyu suka saɓa, ta rubuta a gefe: "Wannan bai karanta na ɗan'uwansa ba." Na yi shekaru ina zuwa gidan nan gaisuwa, ban taɓa sanin da wannan aiki ba.

Haka muka yi makonni. Tana motsa shanya a rana, tururi na tashi daga tukunya a bayanta, ni ina karatu. In kalma ta shige mini duhu na ɗaga murya na tambaya, ta amsa ba tare da ta juyo ba. Ba ta ba ni na gaba sai na faɗi abin da na fahimta a wanda na gama. Matan da ke taya ta aiki har sun saba, in sun shigo da safe sai su ce, "Malam, yau ina mutanen sama suka kwana?"

Injiniyar nan ta shiga raina, don ba ta da tsoro kuma ba ta iya ɓoye fushi. Na gama na tara tana nan lafiya, har an ƙara mata girma. Na buɗe na goma, a shafi na uku na tarar ana maganarta a matsayin marigayiya.

"Gwaggo, kin tsallake mini ɗaya."

Ta ajiye abin da ke hannunta ta zo ta zauna a bakin tabarma. "Ban tsallake ba, ɗan nan. Babu shi ne. Akwai littafi tsakanin waɗannan biyun, na daɗe ina nema ban samu ba."

"To me ya same ta?"

Ta ce za ta faɗa mini abin da ta hasaso, amma kada in riƙe shi a matsayin gaskiya. Daga na goma zuwa ƙarshe likita bai ƙara cin abinci tare da kyaftin ba. Sau biyu an ambaci wata ƙofa da aka rufe. Kuma babu inda aka ce an binne ta. A lissafinta, gobara ce ta tashi a ɗakin inji, kyaftin ya ba da umarni a rufe ƙofa injiniyar tana ciki, likita kuwa bai yafe masa ba. Tana faɗa tana buɗe shafukan tana nuna mini da yatsa mai ƙaiƙayi.

Ƙafa ta warke, na koma bakin aiki. Bayan kamar shekara biyu aka tura mu kwas Zariya. Ina wucewa ta gaban wani mai tsofaffin littattafai na hango zanen kumbon nan a bangon wani littafi. Na duba farkonsa, injiniyar na raye. Na leƙa babin ƙarshe na ga ana makoki, na yi maza na rufe. Ban karanta ba, don na ga ita ta fi cancanta ta fara.

Na kai mata ranar wata Asabar da hantsi, lokacin motocin tumatir sun cika hanya. Ta juya shi gaba da baya, ta goge hannu a zaninta, sannan ta ce wa matan su ci gaba da aiki, ita yau ba ta nan. Da na dawo bayan kwana uku, tun daga zaure na ji dariyarta.

"Gobarar gaskiya ce, ƙofar ma gaskiya ce," in ji ta. "Amma ba kyaftin ba ne. Likitan ne ya rufe da hannunsa. Kunya ce ta hana shi zama cin abinci, ba fushi ba. Ka ga na yi shekaru ina ɗaukar alhakin bawan Allah."

Ba ta tsaya nan ba. Ta ce sabon littafin ya nuna mata wanda ta sa a na huɗu ba wurinsa ba ne, bayan gobarar ya faru, ita ce ba ta lura ba. A gabana ta zazzage kwalin, ta goge lambobin da ta daɗe da rubutawa, ta sake sababbi, ba ko alamar jin nauyi. Na tambaye ta ko ba ta ji haushi ba.

"Haushin me? Na samu dalilin sake karanta su duka." Ta miƙo mini sabon. "Kai kuma kada ka soma da shi. Koma na takwas tukuna, ka manta abubuwa da yawa."

Na koma na takwas ɗin. Ta fi ni gaskiya, na manta.