Muryar Inna Rabi a Zauren Masu Sauraro

Ba na jin zan taɓa mantawa da Litinin ɗin da Manaja ya kira ni ofishinsa, sati biyu bayan babbar Sallah, ransa a ɓace. Ku sababbin ma'aikata kuna yawan tambayata me ya sa sai mutum ya yi sallama da murya kafin a bar shi ya shiga zauren masu sauraronmu. To, daga ranar abin ya samo asali.

A lokacin ni ce jami'ar hulɗa da masu sauraro a gidan rediyonmu na Gyadi-Gyadi. Aikina shi ne in karɓi saƙonni, in tace su, in miƙa wa mai gabatar da shirin gaishe-gaishe na hantsin Lahadi. Masoya shirin ne da kansu suka buɗe zaure a manhajar hira ta waya, da ya cika ya batse sai suka damƙa wa tasha, aka sa ni admin, wato mai shigarwa da fitarwa. Akwai malaman makaranta a ciki, da ma'aikatan sakatariya, da 'yan adaidaita, da tsofaffin mata. In aka yi haihuwa ko rasuwa, a zauren ake fara ji.

Sai wani mai ƙaunarmu, da kyakkyawar niyya, ya liƙa mahaɗin shiga, wanda duk mai latsa shi zai faɗo zauren, a bainar jama'a. Cikin kwana uku baƙi suka cika mu. Wannan tallan maganin basir, wancan zagi. Ranar Juma'a da safe wani ya turo hoton da bakina ba zai iya faɗa ba, kuma kafin in goge, mijin wata mai sauraronmu ya gani, ya bugo wa Manaja.

"Malama Hauwa," in ji Manaja, "abu biyu ne. Ko ki kulle zauren ya zama ku ma'aikata kaɗai ke magana, ko ki kwashe mutane ku koma waccan sabuwar manhajar mai tsaro, a rushe wannan. Ina son takardar shawararki a teburina ranar Juma'a."

Na ce, "To, ranka ya daɗe." Amma ni na riga na yanke hukunci tun kafin in miƙe daga kujera. Sabuwar manhajar nake so. Na gaji da goge shirme, kuma a lokacin ina ji da kaina, gani nake duk wanda bai iya sauke manhaja ba shi ya so. Don kada a ce na yi gaban kaina, na rubuta tambaya na liƙa a zaure, kowa ya latsa zaɓinsa. Masu son ƙaura suka yi rinjaye nesa ba kusa ba. Ranar Laraba na buga takardata, na nuna wa Manaja ya ɗan leƙa, har da jan layi a ƙarƙashin "ra'ayin jama'a".

Ranar Alhamis da safe ina karyawa, sai saƙon muryar Baba Isyaku ya shigo. Tsohon direba ne da ya yi ritaya, yana zaune a Daurawa, kuma kullum bayan Asuba sai ya gaida zaure, yana kiran mutane da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Ya gama ya ce, "Allah ya bar mu tare a wannan zaure namu mai albarka." Na ajiye kofin shayin. Mutumin nan bai san ana shirin rushe zauren ba. Na duba sunayen waɗanda suka jefa ƙuri'a: babu shi, babu yawancin 'yan adaidaita, babu tsofaffin matan. Masu magana da murya ne, ni kuwa da boko na tambaye su. Kunya ta rufe ni.

Bayan La'asar na hau adaidaita zuwa Daurawa. Na same shi a soro a kan tabarma, rediyo a gefensa, ga wani littafin ajami da tabarau a kai. Muka gaisa, ya sa aka kawo mini ruwa, sannan na yi masa bayani.

Sai ya ce, "'Yata, to ita Rabi fa?"

Inna Rabi matarsa ce. Ita ta fara shiga zauren, ita ta jawo shi, kuma ta rasu bara waccan da azumi. Ya ɗauko wayar, babban yatsansa ya bi hanyar da ya haddace, ya latsa wani saƙo da aka sa wa alamar tauraro. Sai ga muryarta, tana ɗan tari, tana gaida jama'a, tana tsokanar mai gabatar da shiri wai ya manta da ita sati biyu.

Na yi sauri na ce, "Baba, ai wannan mai sauƙi ne. Zan kwafe maka muryar, in ajiye maka inda ba za ta ɓace ba."

Ya ɗaga mini hannu. "Dakata ki ji."

Kun san yadda saƙonnin murya suke bin juna da kansu. Tana gamawa sai wata mata ta amsa, "Amin, Inna Rabi, ya jikin?" Sai wani ɗan adaidaita, ana jin hon a bayansa, "Inna, yau ba ki gaida ni ba!" Sai dariya. Sai kuma muryata, ni kaina, ina ba ta haƙuri.

"Kin ji?" ya ce. "A nan tana cikin mutane. In kin ciro ta kin ajiye mini a wani wuri, ita kaɗai ce. Kullum sai na saurare ta, sannan in gaida jama'a a madadinta, su kuma su amsa. In kun tashi, wa zai amsa?"

Na share hawaye da gefen mayafina. Na ce to, sai dai a kulle zauren kowa ya yi shiru. Ya yi dariya ya ce wannan ai ya fi muni, gara a rushe. Sannan ya tambaye ni, "In baƙo ya zo kama haya a unguwarku, haka kawai ake miƙa masa makulli? Ba sai wani sananne ya tsaya masa gaban mai unguwa ba? Ki toshe ƙofar da aka bari a buɗe. Mai son shiga, ɗan zaure ya kawo shi, ya yi sallama da bakinsa, ya faɗi unguwarsa. Ni shekara talatin ina ɗaukar mutane a mota, in mutum ya buɗe baki na san ko na kirki ne."

Washegari na yaga takardar farko na rubuta wata. Manaja ya karanta, ya dube ni ta saman tabarau. "Ina ra'ayin jama'ar da kika ja wa layi?" Na ce, "Ranka ya daɗe, rabin jama'ar na tambaya." Ya ce a gwada na wata guda. Muka soke mahaɗin, muka kwana biyu muna fitar da baƙi, na sake yin tambayar da muryata. Amsoshin da suka shigo sai da na raba yini ina sauraro. Wata guda ɗin nan shi ne har yau, kuma Baba Isyaku ne mai sauraron sallamar sababbin shiga.

Abin da na koya shi ne, a aikin rediyo mutanenmu masu kunne ne da baki. Duk ranar da kuka tambaye su abu a rubuce, ku sani waɗanda suka fi riƙe mu ba su ji ku ba. Kuma kafin ku rushe wani abu don ya ba ku wahala, ku tashi ku je gidan wanda yake amfani da shi.

Gobe bayan Asuba ku buɗe zauren ku saurara. In Baba ya gama jero sunaye, zai ce, "Da gaisuwa daga gidan Rabi." Don Allah, duk wanda ya ji a cikinku ya amsa.