Garken da Rada Ta Gani a Burtalin Godogodo

Jama'a, wannan labarin ba a majalisa na tsince shi ba, a jikina ya faru, kuma in na ƙara wani abu Allah yana gani.

Shekarun baya ne, da damina, lokacin da aka jibge sojoji a wajen Godogodo saboda masu satar mutane da suka addabi hanya. Ni ɗan kasuwa ne haifaffen Kafanchan, gishirin shanu da kanwa nake sayarwa a rumfar da na gada wurin babana, a nan kuma na tsinci Fulatanci a bakin masu saye. Fulatancin nan shi ya ja mini, don wani Saje Bulus da muka yi firamare tare ya je ya ce wa ogansa ya san tafinta, ni kuma da son a ce na san manya, na rufe rumfa na bi shi.

Sojojin sun zo da jirgi marar matuƙi, faɗinsa bai fi tabarmar sallah ba, a cikinsa an maƙala wata 'yar na'ura wai ita rada. Na ɗaga ta da hannu ɗaya, wallahi mudun gero ya fi ta nauyi. Saje ya ce kyamara ganye na rufe mata ido, amma wannan, in dai abu yana motsi, ko cikin kurmi yake ko hadari ya haɗu, sai ta nuna shi ɗigo-ɗigo a allon kwamfuta.

To ashe kullum la'asar ta yi sai allon ya cika da ɗigo, a jere, su fito ta bayan rugar wani tsoho Baffa Juli, su gangara rafi, su ɓace. A juya kyamara, ciyawa ce kawai. Kyaftin ɗinsu ya ce 'yan bindiga ne da suka iya ɓuya, tsohon kuma shi ke ciyar da su. Da safe aka ɗauko Baffa aka zaunar a benci, aka ce da magariba mota za ta wuce da shi. Tun zamanin babana Baffa yake sayayya a rumfarmu, mutum ne da ko kazar wani ta shiga rugarsa sai ya aika cigiya, kuma na san wanda aka tafi da shi kan irin wannan zargin ba a sa masa ranar dawowa.

Aka kunna masa abin da rada ta ɗauka jiya. Tsohon nan ya matso da fuska, sai ya washe baki kamar an nuna masa hoton jikokinsa.

"Ayye, shanun babana ne," ya ce mini da Fulatanci. "Cutar bushiya ta kashe su tun ina saurayi, amma ba su daina zuwa ruwa ba. Shi ya sa ba mai noma burtalin nan, ba mai tsayawa a kansa da la'asar. Ga Nyale can a gaba, har yanzu ɗingishi take."

Na duba, kuma na rantse ɗigon gaban yana tafiya yana ɗan dogarawa. Na yi gyaran murya na ce, "Oga, ya ce shanu ne."

"Ina shanun?"

"Ai... sun rasu, oga."

Saje ya yi dariya har da riƙe ciki, Kyaftin kuwa ko murmushi. Ya ce su a aikinsu ba a gama yarda da na'ura sai mutum ya je ya taka wurin da ƙafarsa. Kafin ya zaɓi wanda zai tura, bakina, wanda bai taɓa shawara da ni ba, ya ce ni zan je, in na dawo lafiya a saki Baffa. Da jin abin da na faɗa na so in haɗiye shi, amma ina, har an miƙo mini oba-oba. Baffa ya dubi kaftanina ya buɗe baki zai yi magana, aka ce ya yi shiru. Kaftanin rumfa ne, wanda ya sha gishiri da kanwa har wanki ya gaji da shi.

La'asar ta same ni a tsakiyar burtali, Saje yana maƙe bayan wata ɗorawa da bindigarsa, jirgin yana zuu a samanmu. Can muryar Kyaftin ta fito ta oba-oba, "Sun taho. Me kake gani?" Na ce ciyawa, oga. Ya ce suna gabanka. Na ce har yanzu ciyawa. Sai a hankali ya ce, "Sun tsaya. Sun kewaye ka."

Kai jama'a! Tsuntsaye suka yi tsit, warin ɗanyen kashin shanu ya cika mini hanci, ciyawa ta riƙa kwanciya ta ko'ina ba iska ba komai. Sai na ji huci mai ɗumi a ƙeyata, sannan harshe, faffaɗa mai kaushi, ya lashe ni tun daga kafaɗa har hula. Wani ya kama aljihuna yana tsotsa, wani yana jan gefen riga. Na fara Ayatul Kursiyyu, ban san yadda aka yi na ƙare a addu'ar cin abinci ba. Saje da ya ga kaftanina yana ɗagawa shi kaɗai yana jiƙewa, ya ƙwalla "Jinin Yesu!" ya zuba da gudu, mutumin da ya ce mini ya yi yaƙi a ƙasar waje. Ni kam haka na tsaya suka lashe ni son ransu, sannan na ji ƙasa tana ɗan girgiza, suka wuce rafi.

Na dawo sansani jiƙe sharkaf da yawu mai yauƙi, ba hula. Kyaftin ya taɓa rigar, ya shinshina yatsansa. Sannan ya dubi Baffa ya ce, "Baba, tashi ka tafi gida." Daɗin da na ji a lokacin har ƙwalla sai da ta zo mini.

Ina shirin fita ya kira ni, ya juyo mini allon, don jirgin bai sauka ba tukuna. Ya nuna ɗigo ɗaya a bakin tanti ya ce wannan kai ne. Ya nuna wani dab da bayansa, ya ce, "Wannan fa? Tun daga burtali yake bin ka."

Na waiga, ba kowa. Baffa ya leƙa allon ya gyaɗa kai, ya dafa ni ya ce, "Ɗan Alhaji, yau ka yi mini abin da ɗan cikina zai yi, ba ni da abin saka maka. Karsana ce, tunda ta bi ka na ba ka ita halak malak. Ba ta da wahala, sai dai ba ta son a yi saurin rufe ƙofa."

Na ce Baffa na yafe, wallahi na yafe. Ya ce Bafulatani ba ya karɓar saniyar da ya bayar, ya saɓa sandarsa ya tafi.

Har yau ban san mene ne na'urar nan ta gani ba. Abin da na sani, in na shiga kara, kasuwar dabbobi, shanu ba ni suke kallo ba, bayana suke kallo suna kuka, matata kuma ta gaji da tambayar me ya sa nake riƙe ƙofa bayan na riga na shigo. Don haka shawarata, kada ku tsaya a burtali da la'asar, kuma in Bafulatani ya ce ya ba ku saniya, ku ce a nuna muku ita tukuna.