Harzuƙa a Takardar Naɗe Ƙosai

Wata Juma'a ce da hantsi, a daminar da Gwaggo ta cire ni daga aji uku bayan ta lura bencin ajin ya fi ni riƙe karatu. Na ratso unguwar Limawa a guje, tiren ƙosai a ka, guntuwar jarida a hannu, mai ya jiƙa ta har ana hango rana ta cikinta. Ban iya karatu ba, amma akwai kalma ɗaya da nake ganewa duk inda ta ɓuya, kamar yadda akuya ke gane ƙofar gidansu. Kalmar ita ce "harzuƙa".

Bitrus ne ya koya mini ita. Ɗan Baba Yohanna kafinta ne, mutanen kudancin Kaduna da suka kama haya a bayan gidanmu. Ni maraya ne a hannun Gwaggo, ba wa ba ƙane, yaran unguwa kuma ba sa son wasa da mai ƙaurin mai. Bitrus kaɗai ke jirana a gindin mangwaro in an tashi makaranta. Cikin tsofaffin jaridun da Gwaggo ke saye don naɗe ƙosai nake zaro shafi, ya karanta mini, in saka masa da ƙosan da ya fashe, wanda galibi ni ne na fasa shi. Duk inda muka ci karo da "jama'a sun harzuƙa" sai mu miƙe mu yi wasanta. Ni ne jama'a, in kumbura kumatu ina jifan kututture da ƙwallon mangwaro, shi kuma ɗan sanda, yana korata da karan rake.

Jaridun wancan zamani kunya gare su irin ta surukai, ba sa faɗin abu gatsau. Baba Yohanna ya taɓa ce mana, yana goge katako: "In sun ce an nuna rashin jin daɗi, surutu ne. In sun ce an fusata, an yi jifa. In kun ga harzuƙa, to a je a duba rufin da ya rage." Muka yi ta dariya, mu a wajenmu ai kalmar wasa ce.

Ranar Juma'ar nan Bitrus bai taso daga makaranta ba, sai na miƙa wa babansa guntuwar jaridar ina washe baki. "Baba, ga tamu ta fito, a ajiye wa Bitrus." Ya goge hannu a wando ya karanta. Ashe sunan garinsu ne a saman kalmar. Ya juya takardar yana neman ragowar labarin, ragowar kuwa ta bi ƙosan wani tun da safe. "Yaro, wannan ta yaushe ce?" Ina zan sani, Gwaggo a ɗaure take sayensu, sabuwa da tsohuwa a haɗe. Tsohuwarsa tana can garin, kuma tun faɗuwar ruwa bai sami saƙonta ba. Kujerar da ke hannunsa bai ƙarasa ta ba.

A tashar jirgin ƙasa Bitrus ya ce mini za su duba Kaka su dawo. Na ci gaba da zuwa gindin mangwaron da shafina a aljihu. Ina ganin kalmar, amma babu mai karanta mini abin da ke kewaye da ita. Sau ɗaya na gwada wasan ni kaɗai, na yi jifa biyu na ji kunya na zauna, mutum ɗaya ai ba ya zama jama'a. Damina ta wuce, wani tela ya kama ɗakinsu.

Yanzu jikokina na nuna mini a waya, ko ƙwallo aka ci mutum sai a rubuta ya harzuƙa, kalmar ta yi arha kamar gishiri. Abin da jarida ke jin nauyin faɗa a da, yau har hotonsa ake turo maka kana cin tuwo. Nakan karɓi wayar in matso da ita kusa da ido, ina duba fuskokin tsofaffi masu furfura irin tawa, yaran su ɗauka karatu nake yi. Labari ya yi yawa a duniya, amma wanda nake jira bai iso ba tukuna.