Harsashin da na auna da rula

Tun daminar 1988 nake jin haushin Bukar maƙeri, kuma ban huce ba.

Na je ya zuba mini harsashin dalma na bindigar mahaifina. Ya ce, "Malam, kawo bindigar in gwada a bakinta."

Na ce, "Na auna da rula. Lissafi nake koyarwa fa, Bukar."

Ya ce, "To, Allah ya ba rula sa'a."

A fadamar Haɗeja, ina cikin kwalekwale na auna wata dinya, agwagwar daji, tana iyo a kogi. Ina sunkuyar da bakin bindigar sai harsashin ya gangaro, tsulum cikin ruwa! Na kai hannu in cafe shi, kwalekwale ya karkata.

Ku faɗa mini gaskiya, me ya hana Bukar nacewa in kawo bindigar?

Bindigar Baba tana ƙasan kogin har yau.