Malam Sabo Mai Aron Hanci

A bazarar da na dawo gida daga karatu, na tarar da mahaifina kwance, ƙirji ya matsa masa, ga zafi. Fankarsa mai caji, wadda ke sa shi ya ɗan runtsa, ta faɗi ta karye a wuya. Aka ce in kai wa Malam Sabo mai liƙin roba, a gindin darbejiyar da ke gefen kasuwar Minjibir.

Da damina Malam Sabo manomi ne. Da rani sai ya hura gawayi ya jera ƙarafunansa. Tun yana saurayi ya koyo sana'ar a birni. Roba iri-iri ce, kuma ba ta kama wadda ba irinta ba, shi ya sa mai liƙi kan yanko ɗan ƙanƙani ya ƙona, ya gane ta da wari. A da, an ce duk yankin babu mai hancinsa.

A gida yake tara tarkacen roba, a ɗakin da ke jikin na 'yarsa Sauda. Wata rana da hantsi yana gona wuta ta kama. Wutar ba ta taɓa Sauda ba, hayaƙin ne ya kashe ta. Tun ranar yake aiki da ƙyalle a hanci, yana zama ta inda iska ke tahowa. Mai kaya ne ke shinshinawa ya faɗa masa abin da ya ji.

Da na je, na tarar da wata dattijuwa, Kaltume, da murfin kularta.

"Warin kyandir ne, Malam."

"Rannan ma kyandir kika ce, Hajiya, ashe mura kike yi."

"To ranta mini naka hancin mana, kai da ka ɓoye shi kamar amarya!"

Da aka zo kaina, ya ƙona ɗan yankin ya miƙo mini daga nesa. Baƙin hayaƙi ya tashi. Na ce kamar taya, na kuma ce a'a, da zaƙi-zaƙi. Ya ɗauko sili biyu na roba yana jujjuyawa.

"Dukansu baƙin hayaƙi suke yi. In na sa wadda ba ita ba, fankar na fara juyawa za ta ɓalle. Sake ji."

Na sake, ban bambance ba. Na ce, "Malam, Baba ne. Numfashi yake masa wuya."

Ya dubi garwashin. Sannan ya sauke ƙyallen, ya yanko wani, ya ƙona, ya kai hancinsa. Ya rufe ido. Kaltume, da ta tsaya kallo, ta yi salati a hankali.

Ya zaɓi sili ɗaya, ya narka shi a tsagar ciki da waje. Da ya miƙo mini, sai ya kwara wa gawayin ruwa, ga mutane na jira da bokitai, ya yi tafiyarsa.

Fankar ta yi aiki, Baba ya samu barci. Ranar kasuwa ta zagayo, gindin darbejiya babu kowa. Na bi shi gida in yi godiya. Matarsa ta nuna mini bayan danga, inda ɗakunan nan suke a da, ba a sake gina su ba. Yana zaune a ƙasa, ya ba ni baya. Na yi sallama, ya amsa bai juyo ba.

"Ta riƙe?"

"Ta riƙe, Malam."

"To madalla. Je ka, kada ka bar shi shi kaɗai a ɗaki."